Yariri, Mai Riƙon Sarautar Karkamis

A wajenmu, Jega da Aliero da Maiyama, labarin sarakunan dā yana cikin littattafan malamai ne da bakin tsofaffi. Ko Kanta da ya gina Surame da dutse, daga bakin mutane muka san shi. Amma a bakin kogin Furatu, inda Turkiyya ta yi iyaka da Sham, akwai kangon wani birni, Karkamis, wanda sarakunansa suka sa aka sassaƙa labarinsu a jikin duwatsu da harshen Luwiya.

Wajen shekara 790 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Astiruwa ya mutu ya bar 'ya'ya ƙanana. Sai riƙon ƙasa ya faɗa hannun wani babban bafadensa, Yariri. Siffarsa ta dutse ba ta da gemu, don haka masana da yawa suna ganin bābā ne, watau irin amintattun cikin gidan sarauta.

To, ga gadon sarauta ba kowa, ga magaji yaro. Mun sha jin yadda irin wannan riƙo ya kan ƙare. Shi kuwa Yariri sai ya sa aka sassaƙa shi a kusa da ƙofar fada yana riƙe da hannun Kamani, babban ɗan marigayin, ga ƙannensa a baya suna wasa da katantanwa da 'yan ƙasusuwa. Duk mai wucewa ya ga wanda ake wa ajiya. Kuma Kamani ya yi mulkin bayansa.

Abin da ya fi jan hankalinmu, mu masu neman zama malamai, shi ne iliminsa. Dutsen ya nuna ya san harsuna 12, ya kuma iya rubutu iri huɗu, ciki har da na garinsu da na Assuriyawa, don ubangijinsa ya tara masa 'ya'yan ƙasashe dabam dabam. Har ya yi alfahari an ji sunansa a Masar. Lalle akwai yabon kai a ciki, gama shi ya sa aka rubuta, amma jahili ba ya zaɓen irin wannan kirari.

Rubutun nasu hotuna ne: hannu, ƙafa, kan sa, kan jaki. Layi ya tafi dama, na biye ya komo hagu, kamar manomi ya kai ƙarshen kunya ya juyo.

A shekara 717 Sargon na Biyu, Sarkin Assuriya, ya ci Karkamis. Rubutun ya ɓace, ba mai iya karanta shi. Turawan Ingila suka tono duwatsun tsakanin 1911 da 1914, amma karatun bai kankama sosai ba sai da aka sami dutsen Karatefe a 1946, wanda ke da rubutun Luwiya da na Finikiyawa gefe da gefe. Siffar Yariri da yaran tana gidan kayan tarihi na Ankara.