Jeanne, telar da ta kawo teku cikin ɗaki

An haifi Jeanne Villepreux a shekara ta 1794 a Juillac, wani ƙauye na ƙasar Faransa. Ubanta mai ɗinkin takalma ne. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama. Da ta kai shekara 18, sai ta kama hanyar birnin Pari da ƙafa, tafiyar kilomita fiye da 400. Can ta ƙware da ɗinki, har ta yi wa rigar auren wata gimbiya ado a 1816.

A 1818 ta auri wani ɗan kasuwa, James Power. Suka zauna a garin Mesina, bakin teku, cikin tsibirin Sisil na ƙasar Italiya ta yanzu. Jeanne ba ta yi dogon karatu ba, amma tana da son sani.

A cikin tekun akwai wata dabba mai hannuwa takwas, ana ce mata argonot. Macen tana zaune cikin farar katantanwa marar kauri. Masana sun daɗe suna gardama a kanta. Wasu sun ce ita ke yin katantanwar, wasu sun ce ta wata dabba take ɗauka. A lokacin, gawar dabbar kawai suke dubawa.

Jeanne ta ga sai an kalle ta da rai za a gane gaskiya. A 1832 ta haɗa akwatin gilashi, ta cika shi da ruwan teku mai gishiri. Ta kuma kafa keji cikin teku. Ta sa ƙananan argonot, tana ba su abinci, tana kallo, tana rubutawa. Ta ga katantanwar tana girma tare da dabbar. Da ta fasa gefenta, sai dabbar ta gyara wurin da kanta. Gardama ta ƙare. Gani ya kori ji!

Daga baya jirgin ruwan da ya ɗauko takardunta da zane-zanenta ya nutse. Jeanne ta rasu a Juillac a 1871, aka daɗe an manta da ita. Yau kuwa ana tunawa da ita a matsayin uwar akwariyom, wato akwatin gilashi na kiwon dabbobin ruwa.

Tambayoyi
1. Wace sana'a Jeanne ta fara yi?
2. A kan me masana suke gardama?
3. Yaya Jeanne ta gano gaskiya?