John Lennon: Suna Bai Tare Ajali Ba

Ko mu 'yan kasuwa mun san sunan Beatles. An haifi John Lennon a Liverpool ta Ingila a 1940. Da iyayensa suka rabu, yayar uwarsa ta riƙe shi. Yana shekara 17 mota ta kashe uwar. Shi da Paul McCartney suka tsara yawancin waƙoƙin Beatles, har ƙungiyar ta watse a 1970.

A 1971 ya koma Amurka. Sukar yaƙin Biyatnam ta sa gwamnati ta nemi korarsa, sai 1976 ya samu takardar zama. Mu mazauna baƙunta mun san zafin wannan.

Ranar 8 ga Disamba 1980 aka harbe shi a ƙofar gidansa, yana shekara 40. Duniya ke nan.