Peyton Rous: Likitan da Ya Jira Shekara 55

Ya ku ɗalibai, a ce ɗayanku ya gano wata gaskiya, ya bayyana ta, amma masana suka kau da kai. Zai haƙura ya ci gaba da aiki, ko kuwa zai karaya? Ku riƙe wannan tambaya a zuciya yayin da kuke karanta tarihin Peyton Rous.

An haifi Rous a birnin Baltimore na ƙasar Amurka a shekarar 1879. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, sai mahaifiyarsa ta tsaya tsayin daka a kan iliminsa. Ya shiga Jami'ar Johns Hopkins don karatun likita. Yana cikin karatun ne ya ji rauni a yatsa wajen binciken gawar wani mai tarin fuka, cutar kuwa ta kama shi. Dole ya dakatar da karatu, ya tafi jihar Texas, ya yi shekara guda yana aikin kiwon shanu har ya warke. Ya kammala karatu a 1905, kuma a 1909 ya kama aikin bincike a Cibiyar Rockefeller da ke New York.

A wannan cibiya ce aka kawo masa wata kaza mai ƙari a ƙirji, wato ciwon daji. Ku lura da abin da ya yi. Ya yanki ƙarin, ya niƙa shi, ya dama da ruwa, sannan ya tace da matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, wadda ƙwayoyin halittar jiki ba sa iya wucewa ta cikinta. Ya yi wa lafiyayyun kaji allurar ruwan da ya tace, sai ga ƙari ya fito musu. Me ya kawo cutar, alhali babu ƙwayar ƙarin ko ɗaya a cikin ruwan? Rous ya fahimci cewa akwai wani abu da ya fi ƙwayar halitta ƙanƙanta, wanda a yau muke kira bairos. Ya wallafa sakamakonsa a 1911.

Masana da yawa ba su amince ba. A ganinsu, ciwon kaza ba shi da alaƙa da na ɗan Adam. Shi ma ya nemi irin wannan bairos a jikin ɓeraye bai samu ba, don haka ya jingine binciken. Amma bai zauna hannu rabbana ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi da abokin aikinsa Turner sun gano hanyar adana jini na tsawon makonni ba tare da ya lalace ba. Da wannan dabara aka kafa ma'ajiyar jini ta farko a fagen yaƙi a 1917, aka ceci sojoji masu rauni.

A 1934 ya koma binciken ciwon daji, bayan abokinsa Richard Shope ya gano bairos mai haddasa tsiro a fatar zomaye. Rous ya nuna cewa tsiron kan rikiɗa ya zama ciwon daji, kuma cutar tana bin matakai ne, ba rana ɗaya take kama jiki ba.

Hausawa na cewa komai nisan dare gari zai waye. A 1966, yana da shekara 87, aka ba shi lambar yabo ta Nobel, shekara 55 bayan bincikensa na farko. Ya rasu a 1970.

Mutuwarsa ba ta kawo ƙarshen aikinsa ba. Da bairos ɗin kazarsa Michael Bishop da Harold Varmus suka gano a 1976 cewa ƙwayar gadon da ke haddasa ƙarin daga jikin lafiyayyar halitta ta samo asali, lalacewarta ce ke kawo cutar. Su ma sun sami lambar Nobel a 1989. An kuma tabbatar cewa bairos ne ke haddasa mafi yawan ciwon dajin bakin mahaifa, kuma a 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinsa a Nijeriya. Ƙila wasunku sun karɓa. To, ku tuna cewa hanyar da ta kai ga wannan allura ta faro ne daga kaza ɗaya da mutum mai haƙuri.

Tambayoyi
1. Me ya sa Rous ya tace ruwan ƙarin kafin ya yi wa kaji allura?
2. Wane aiki ya yi a lokacin yaƙi?
3. Ta yaya karin maganar da ke cikin darasin ya dace da rayuwarsa?