Ayrton Senna: ɗan Burazil da ya hau tsanin tseren motoci daga ƙasa

In aka ambaci sunan Senna a nan wajenmu, sai ka ga yaro ya ɗago kai yana zaton Sinnar ake nufi. Sunan ne kawai ya yi kama. Mutumin ɗan Burazil ne, ƙasar nan da aka kai Hausawa da yawa a zamanin cinikin bayi, har suka tayar da bore a yankin Bahiya a farkon ƙarni na 19. Shi dai a Sao Paulo aka haife shi, ranar 21 ga Maris 1960, ya rasu yana da shekara 34, kuma har gobe masu kallon tseren motoci ba su gama gardama a kansa ba.

Yawancin masu ba da labarinsa daga Formula 1 suke farawa, wato babbar gasar duniya wadda a 2021 aka fara yin zango ɗaya nata a Jidda. Sai dai ba a faɗowa cikin Formula 1 daga sama. Tsani ne da matakai. Yaro yana farawa da kart, 'yar ƙaramar mota ce ƙasa-ƙasa, ba rufi ba gangar jiki. Daga nan ya shiga gasar ƙasa ta matasa, inda ake tuƙa mota mai kujera ɗaya, tayoyinta a waje, kuma doka ta sa motocin su kusa zama iri ɗaya don a ga hannun direba. A yau ana kiran wannan matakin Formula 4: an fara shi a Italiya a 2014, ɗan shekara 15 yana shiga, Daular Larabawa ta buɗe nata a 2016, Saudiyya kuma a 2024. A zamanin Senna, wanda yake son a san da shi Ingila yake nufa, ya bi Formula Ford sannan Formula 3.

Mahaifinsa Milton da Silva mai hali ne, yana da gonaki da masana'anta. Shi ya haɗa wa yaron kart ta farko da injin yanke ciyawa, lokacin Ayrton yana da shekara 4. Yana da 13 ya fara shiga gasa, a 1977 ya ci kofin Kudancin Amurka. Kofin kart na duniya kuwa ya yi ta nema daga 1978 zuwa 1982 bai samu ba, sau biyu yana zuwa na biyu, a 1979 da 1980. Wannan kam har ya koma ga Mahaliccinsa bai ci shi ba.

A 1981 ya tattara ya tafi Ingila da amaryarsa, suka sauka a yankin Norfolk kusa da filin tsere na Snetterton, inda kamfanin Van Diemen na Ralph Firman ke ƙera motocin Formula Ford. Motar ba wani abin a zo a gani ba ce: injin Ford ne mai cc 1600 irin na motar gida, ba fukafukan da ke danne ta a ƙasa, tayoyi sirara masu zane. Da gangan aka yi ta haka, don mai kuskure ba shi da wurin ɓuya. Senna ya shiga tsere 20 ya ci 12, ya ɗauke kofuna biyu na shekarar.

Sai kuma ya ce ya daina. Kuɗin mataki na gaba ya fi na baya, masu ɗaukar nauyi daga gida ba su fito ba, iyaye suna son ya dawo ya kama kasuwanci, matar kuma zaman Ingila da sanyinta bai karɓe ta ba. Ya koma Sao Paulo ya zauna a harkar mahaifinsa 'yan watanni. A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba: wannan fa ɗan mai kuɗi ne, kuma shi ne zakaran shekarar, amma saura ƙiris tsanin ya karye da shi a matakin farko. To ina ga ɗan talaka? Ni a ganina babban aibin wannan wasa ke nan, ƙwallon ƙafa ko da tsumma a ƙulle ana koyonta a bakin kogi, wannan kuwa sai da aljihu.

Zaman ofis bai yiwu ba. Farkon 1982 ya dawo Ingila shi kaɗai, auren ya mutu. Ya shiga Formula Ford 2000, wadda ke da fukafukai da tayoyi marasa zane, a ƙungiyar Rushen Green, ya ci tsere sama da 20, ya haɗa kofin Birtaniya da na Turai. A wannan tsakanin ne ya ajiye sunan da Silva ya ɗauki Senna, sunan gidan su mahaifiyarsa, domin Silva a Burazil kamar Muhammad Ahmad ne a nan Sudan, in ka kira mutum goma za su waiwayo.

Shekarar 1983 ita ce shekarar da ta fi cancantar a zauna a kanta. Gasar Formula 3 ta Birtaniya a lokacin ita ce ƙofar ƙarshe kafin Formula 1. Jackie Stewart ya ci ta a 1964, Emerson Fittipaldi a 1969, Nelson Piquet a 1978, kuma dukkansu sun zama zakarun duniya. Biyun ƙarshe 'yan Burazil ne, saboda haka ido yana kan Senna tun kafin a tashi. Ya shiga ƙungiyar West Surrey Racing ta Dick Bennetts, mutumin New Zealand, da mota ƙirar Ralt mai injin Toyota. Tsere 20 ne a shekarar. Tara na farko a jere duk shi ya cinye su, har mutane suka fara cewa a ba shi kofin kawai a huta.

Wanda ya yi ta zuwa na biyu a bayansa wani Bature ne, Martin Brundle, ɗan mai sayar da motoci daga Norfolk, yana tuƙa wa Eddie Jordan, ƙungiyar da kuɗin taya ma sai an yi da gaske. A watan Yuni a Silverstone abin ya juya: Brundle ya ci, Senna ya fita daga hanya. Daga ranar aka ga wani Senna daban. Mutumin da ba ya kuskure in yana gaba, ashe in yana baya haƙuri ne ba shi da shi. Ya ragargaza mota a Cadwell Park tun a gwaji, bai ma shiga tseren ba. A Snetterton suka gogi juna da Brundle, shi ya kwashi kashinsa a hannu. A Oulton Park ya kutsa inda ba hanya, motarsa ta hau kan ta Brundle, alƙalai suka ci shi tara. Da na biyu ya riƙa karɓa a waɗannan ranakun, da tuni ya gama da gasar. Sai ga shi an zo tsere na ƙarshe a Thruxton a watan Oktoba, Brundle ne a gaba da 'yar tazara.

Abin da ya yi kafin ranar shi ke nuna irin mutumin. Ya ɗauki injinsa da kansa ya kai Italiya wurin Novamotor, masu gyaran injunan gasar, aka sake ɗaure shi. Ranar tsere kuma aka liƙe bakin abin sanyaya man inji da salatif, don man ya yi zafi da wuri, injin ya ba da ƙarfinsa tun zagayen farko. Da zafin ya fara yawa, ya sassauta bel ɗinsa yana cikin gudu, ya miƙa hannu waje ya ɓare salatif ɗin. Ya ci tseren, ya gama shekara da nasara 12 da maki 132, Brundle na da 123. Wata guda bayan haka ya je Makau ya ci babban tseren can, karon farko da aka yi shi da motocin Formula 3.

Sauran labarin sananne ne. Ya shiga Formula 1 a 1984 da ƙaramar ƙungiya, Toleman, kuma a Monako cikin ruwan sama yana dab da kamo Alain Prost na Faransa aka tsayar da tseren. Nasararsa ta farko a Fotugal ce a 1985 da Lotus, nan ma cikin ruwa. Ya koma McLaren ya zama zakaran duniya a 1988 da 1990 da 1991. Gaba ɗaya ya ci tsere 41, Monako kaɗai sau 6, ya kuma tashi daga gurbin farko sau 65. Tsere ɗaya kusan kilomita 305 ne, kamar daga Sinnar zuwa Hartum, kuma a sa'a ɗaya da rabi ake cinye shi.

Halin nan na Oulton Park bai bar shi ba, hali zanen dutse. A Japan a 1990, a kwanar farko ya afka wa motar Prost suka fita tare, da haka ya ci kofin, kuma shekara guda bayan nan ya amsa cewa da niyya ya ƙi ɗaga ƙafa. Masoyansa suna kawo uzurin rikicin da suka yi a wurin a 1989, ni dai ban ga uzurin jefa ran mutum biyu cikin haɗari saboda kofi ba. Amma kuma shi ɗin ne a Beljiyam a 1992 ya tsayar da motarsa, ya ruga a ƙafa a kan titin da wasu ke wucewa a guje, ya kashe injin Erik Comas da ke sume a ciki.

A 1994 ya koma Williams. A Imola ta Italiya, ranar Juma'a Rubens Barrichello ya yi mummunan haɗari, ranar Asabar Roland Ratzenberger ɗan Austriya ya mutu a gwaji. Ranar Lahadi 1 ga Mayu, Senna yana gaba a zagaye na 7, motar ta ƙi shan kwanar Tamburello, ta daki katangar kankare da gudun sama da kilomita 200. Taya da ƙarfen da ke riƙe da ita suka bugi hular kwanonsa. Ya cika a asibitin Bolonya da yammacin ranar. A cikin motar aka sami tutar Austriya a naɗe, wadda ya yi niyyar ɗagawa don Ratzenberger. Shari'ar ta ja a kotunan Italiya har 2007, aka ɗora abin a kan karyewar sandar sitiyari. Bayan mutuwarsa aka gyara ƙirar motoci da kwanonin filaye, kuma shekara 20 aka yi ba a sake irin wannan rashi a tseren Formula 1 ba, sai haɗarin Jules Bianchi a 2014.

Burazil ta yi makokin kwana uku, aka binne shi a maƙabartar Morumbi a Sao Paulo. 'Yan makonni kafin rasuwarsa ya yi magana da yayarsa Viviane kan kafa wani abu don 'ya'yan talakawa. A Nuwamban 1994 ta buɗe cibiya da sunansa, wadda har yanzu take aiki da makarantun gwamnati wajen horar da malamai da kamo yaran da karatu ya bari a baya. Brundle kuwa ya yi tsere 158 a Formula 1 bai ci ko ɗaya ba, ya ci tseren sa'a 24 na Le Mans a 1990, yau shi ne mai sharhin gasar a talabijin ɗin Ingila.