Claude ZoBell: Baturen da ya ƙare rayuwarsa yana bin sawun ƙwayoyin da ke cin ɗanyen mai

'Yan uwana mazauna Fatakwal da Warri da Yenagoa, kun fi ni sanin yadda laka ke yin baƙi ƙirin a bakin ruwa inda mai ya malala. Mu nan Gombe da can labari muke ji. Amma tun da aka ƙaddamar da aikin man Kolmani a Nuwamban 2022, a iyakarmu da Bauchi, magana ta zo ƙofar gida. Shi ya sa yau na kawo muku tarihin wani masani da ya daɗe da rasuwa, wanda ya shafe shekaru yana neman amsar tambaya guda: in mai ya nutse cikin laka, me zai cinye shi?

An haifi Claude ZoBell a 1904 a garin Provo na jihar Utah a Amurka, ya tashi a jihar Idaho. Kwalejin aikin gona ta Utah ya fara yi, sannan ya samu digirin dakta a Jami'ar Kalifoniya a 1931. Abin da ya fara jawo hankalina gare shi, ni da na tashi a gidan fataucin shanu, shi ne bincikensa na farko a kan ƙwayar cutar bakkale yake, ciwon nan da ke sa saniya ɓari. Duk wanda ya san kara ya san asarar da take jawowa.

A 1932 ya koma cibiyar binciken teku ta Scripps da ke La Jolla, kuma a nan ya yi sauran aikinsa. A lokacin masana da yawa na ganin bakteriyar da ake samu a teku daga tudu ruwa ya kwaso su. ZoBell ya riƙa ɗebo ruwa da laka daga ƙasan teku, ya nuna cewa teku na da nata ƙwayoyin, haifaffun wurin. A 1946 ya fitar da littafinsa a kan haka. A 1951 kuma, cikin jirgin binciken Denmak mai suna Galathea, ya samo bakteriya masu rai a zurfin da ya haura mita 10,000 kusa da Filifin.

To, ga inda maganar mai ta shigo. In ɗanyen mai na saman ruwa ko saman ƙasa, akwai ƙwayoyin da ke cinsa da taimakon iskar oksijin, kuma suna da ɗan sauri. Amma da zarar ya shige cikin laka, iska ta yanke. A wancan zamani an ɗauka shi ke nan, babu mai taɓa shi. ZoBell ya sa ido a kan wasu bakteriya da ba ruwansu da oksijin, gishirin salfet da ke cikin ruwan teku suke amfani da shi a madadinta. Su ne ke fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai, su ne kuma ke baƙanta laka. Rayuwa babu iska ba baƙon abu ba ce gare mu, ai haka ƙwayoyin cikin tumbin saniya ke narka ciyawa.

A 1944 shi da abokin aikinsa Novelli suka ba da rahoton cewa waɗannan bakteriya na iya cin sinadaran mai. A 1946 har ya samu takardar mallakar fasaha ta amfani da su wajen saki man da ya maƙale a cikin dutse. Sai dai wasu masana sun gwada ba su samu abin da ya samu ba, aka yi ta shakkar maganar shekara da shekaru. Ya rasu a 1989 ana cikin wannan ja-in-ja. Shekara biyu kacal bayan nan, a 1991, masana a Jamus suka ware irin wannan bakteriya ita kaɗai, suka nuna tana cin sinadarin mai babu oksijin ko kaɗan.

Amma fa kada a ji haka a saki jiki. Cin nasu a hankali yake ƙwarai, kamar tafiyar hawainiya. Shi ya sa man da ya nutse cikin laka ke daɗewa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya kiyasta cewa gyaran ƙasar Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30, ya kuma samu sinadarin benzin a ruwan rijiyoyin Ogale ya ninka ƙa'idar lafiya fiye da sau 900.

Ku da ke can, a kula da ruwan da ake sha da wanda ake shayar da dabbobi a kara. Mu kuma a nan, kafin man Kolmani ya fara gudana sosai, ya kamata mu tambayi hukumomi wane tanadi aka yi wa rijiyoyi da mashaya da burtalai. Ya kamata jami'o'inmu na Gombe da Kashere su auna ƙasa da ruwan yankin tun yanzu, don in wani abu ya faru gobe a san yadda suke tun asali. Allah ya tsare mana ƙasarmu da dukiyarmu.