Malam Sa'adu Zungur: Malamin Da Ya Nemi 'Yanci Bai Ga Ranarsa Ba

A filinmu na tarihin magabata, wannan karon za mu leƙa Bauchin Yakubu ne, mu ɗauko rayuwar wani bawan Allah wanda da yawanmu sunansa kawai muka sani, ko dai a jikin allon wata makaranta, ko a bakin 'ya'yanmu lokacin da suke haddar waƙoƙin Hausa saboda jarrabawa. Wannan kuwa shi ne Malam Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur, malamin addini, malamin makaranta, mawaƙi, kuma ɗaya daga cikin mutanen farko a Arewa da suka fito fili suka ce mulkin Turawa ya isa haka.

An haifi Malam Sa'adu a cikin birnin Bauchi wajen shekarar 1915, wato jim kaɗan bayan Turawa sun haɗe Arewa da Kudu sun kira su Nijeriya. Gidansu gidan malamai ne da limamai, saboda haka tun bai san dama da hagu ba allo ne a hannunsa. Ya yi karatun Alƙur'ani, ya shiga littattafan fiƙihu da Larabci a gaban iyayensa. Ki riƙe wannan da kyau uwargida, domin duk abin da ya zo ya yi daga baya, daga wannan zauren ya samo asali. Da yawa idan ana maganarsa sai a fara da boko da siyasa, a manta cewa kafin ya iya harafin Turawa ko ɗaya ya riga ya san hukuncin zalunci a littafi.

A wancan zamani kuwa ba ƙaramin abu ba ne malami ya bar ɗansa ya shiga makarantar boko. Mutane gudu suke yi, wasu har ɓoye 'ya'yansu suke a rumbu idan an zo ɗiba. Amma shi an sa shi, ya kuma yi fice. A 1929 aka turo shi nan Katsina, Kwalejin da Turawa suka buɗe a 1922 domin horar da malamai, wadda a lokacin babu makarantar da ta kai ta a duk faɗin Arewa. Mu mutanen Batsari da Safana da kewaye, in mun shiga birni muna wuce tsohon ginin nan na ƙasa da aka mai da gidan tarihi, ba tare da mun tuna irin mutanen da suka zauna a cikinsa ba. A nan Sa'adu ya tarar da Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da ɗan garinsu Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yara ne duka a lokacin, ba wanda ya san wata rana siyasa za ta raba musu hanya.

Daga Katsina, a 1934, sai Babbar Kwalejin Yaba da ke Ikko, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga cikinta. Bai daɗe can ba, amma ɗan zaman da ya yi ya buɗe masa ido. Ya ga jaridu suna sukar Gwamna ba a kama kowa ba, ya ga samari suna kafa ƙungiyoyi suna tambayar hukuma dalilin abin da take yi. Da ya dawo Arewa ya yi aiki a makarantar koyon aikin duba-gari ta Kano, daga nan aka mai da shi Zariya yana koyarwa a makarantar haɗa magunguna. A Zariyar ne ya fara tara matasa masu ilmi suna zama suna tattauna halin da ƙasa take ciki. Hukuma ba ta so haka ba, don a wancan lokaci ko taron mutum goma aka yi ba da izini ba, sai an tambayi abin da aka ce.

To, wane hali ƙasar take ciki? Sai mu ɗan tsaya a nan, domin wadda ba ta san wannan ba ba za ta gane abin da ya hana Malam barci ba. Turawa ba su yi mulki da kansu kai tsaye ba, sun bar sarakuna a kan gadonsu, suka sa Razdan da Di'o a bayansu suna juya akala. Wannan tsari shi ake kira En'e. Talaka zai biya haraji ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, Bafillace zai biya jangali a kan kowace saniya, kuma tsakanin mai unguwa da dagaci da hakimi da dogari, abin da ake karɓa a hannunsa yakan zarce abin da aka rubuta. Wadda ta taso a gefen dajin Rugu ba sai an yi mata dogon bayani ba, kakanninmu sun ba mu labarin yadda ake kora shanu cikin daji da dare idan an ji masu ƙirga suna tafe, da yadda magidanci kan sayar da akuyar matarsa ko ya tafi cin rani saboda kuɗin haraji. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka ƙara da aikin tilas, aka riƙa ɗibar maza daga ƙauyuka ana kai su haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama. Mata aka bari da yara da gona. Idan kuma mutum ya kai ƙara, alƙalin ma albashinsa daga En'e yake fitowa.

Abin da ya bambanta Malam Sa'adu da sauran 'yan boko shi ne da ma'aunin addini ya auna wannan hali. Ya karanta littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na ƙaninsa Malam Abdullahi, ya ga irin abubuwan da suka yi jihadi a kansu, cin hanci da karɓar dukiyar talaka ba bisa haƙƙi ba da sayar da shari'a, sai ga su sun dawo a ƙarƙashin jikokin masu tutar, da ɗaurin gindin Bature. Wannan ya sa maganarsa ta yi nauyi. Da ɗan boko zalla ne, da sai a ce yaron Nasara ne a wuce wurin. Amma mutumin da zai kawo aya ya kawo hadisi, ya juya ya yi wa Di'o bayani da Turancin da ya fi na wasu Turawan tsabta, ina za a ajiye shi?

Ana cikin haka ciwo ya kama shi, ciwon ƙirji wanda bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Dole ya bar aiki ya koma gida Bauchi. Wani da sai ya kwanta ya yi jinya, shi kuwa sai gidansa ya zama makaranta. A lokacin Malam Aminu Kano yana koyarwa a Midil ta Bauchi, kuma da ma sun san juna tun Aminu yana ɗalibi. Aminu bai taɓa ɓoye cewa Sa'adu malaminsa ne a harkar siyasa ba. A 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda ma'aikatan En'e da malaman makaranta da Turawan mulki suke zama ana muhawara, har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a ciki. Turawa sun yarda da ita ne a kan za ta zama wurin hira, sai ga Sa'adu yana warware tsarin En'e zare-zare a gaban masu shi. Ranar da aka kai ga tambayar yadda ake yanke albashin sarki, aka ga abin ya wuce gona da iri, ba a jima ba aka rufe majalisar. Su kuma ba su watse ba, suka ci gaba da taruwa a ƙarƙashin wata ƙungiyar ta neman ci gaban Bauchi, Malam kuma yana aika rubuce-rubucensa jaridar West African Pilot ta Dokta Azikiwe.

Wannan alaƙa ce ta kai shi Ikko karo na biyu. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC na ƙasa, jam'iyyar da a lokacin ta fi kowace ɗaga murya wajen neman mulkin kai. Ki duba fa, ɗan malamai daga Bauchi, da ciwo a ƙirji, yana riƙe da ofishin babbar jam'iyyar 'yan Kudu, a zamanin da yawancin manyan Arewa ko sunan siyasa ba sa son ji. A 1949 kuma da aka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna, shi aka zaɓa mai ba da shawara a kan shari'ar Musulunci. Wannan muƙami kaɗai ya isa ya nuna matsayin da tsararrakinsa suka ba shi a fagen ilmi.

Sai dai duka biyun ba su yi masa daɗi ba. A Ikko ya lura da yawa daga 'yan siyasar can ba su san Arewa ba, ba su kuma damu su san ta ba, kallon jahilai suke yi wa mutanenta. A gida kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa ta koma hannun sarakuna da manyan En'e, ta zama NPC a 1951. Saboda haka ya karkata ga NEPU, wadda wasu matasa takwas suka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wadda kuma almajirinsa Malam Aminu ya zo ya shugabanta. Ya koma Bauchi yana yi mata aiki iyakar ƙarfin da ciwo ya bar masa.

A cikin waɗannan shekaru ne ya yi waƙarsa da ta fi shahara, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Mutane da yawa suna zaton waƙar zagin sarakuna ce, alhali nasiha ce, mai ɗaci dai. Ya ga abin da ya faru a Indiya bayan ta sami 'yanci a 1947, inda sarakuna fiye da ɗari biyar suka wayi gari mulki ya kuɓuce musu. Sai ya faɗakar da namu cewa idan suna son sarauta ta ɗore, to su gyara, su yi adalci, su yi shawara da jama'a, su buɗe makarantu, in ba haka ba guguwar da ke tafe ba za ta bar kowa ba, kuma Arewa za ta shiga 'yanci a matsayin 'yar rakiya. A ganinmu nan ne basirarsa ta fi fitowa. Korar Bature a wurinsa rabin aiki ne. Idan Bature ya tafi ya bar talaka da jahilcinsa da dogarin da ke dukansa, to me aka samu?

Akwai kuma Maraba da Soja, wadda ya yi wa sojojinmu da suka dawo daga yaƙin Bama, da Waƙar Bidi'a, wadda ta fi shafarmu mu mata. A cikinta ya yi kaca-kaca da bori da tsafi da camfe-camfe da al'adun da aka cusa cikin addini har aka ɗauka ibada ne. Wata za ta ce me ya haɗa wannan da neman 'yanci? Ai a wurin Malam abu ɗaya ne. Wanda boka zai tsorata shi da ƙulli ya karɓe masa kaza, shi ne dai wanda ɗan sarki zai tsorata da rawani ya karɓe masa gona. Har yau ɗin nan, in mun faɗa wa kanmu gaskiya, wasu abubuwan da ya lissafa suna nan a ɗakunanmu, musamman wajen haihuwa da kishi da neman maganin miji.

Ba kuma a banza ba ne tafiyar da ya shuka ta zama ita ce ta fara buɗe wa matan Arewa ƙofa. A NEPU ne Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta tashi, ta sha ɗauri da duka saboda ta ce mata su fito a ji muryarsu. Malam Isa Wali, wanda shi ma ya tasirantu da Sa'adu, ya yi rubuce-rubuce a jarida a 1956 a kan haƙƙin da Musulunci ya ba mace wanda al'ada ta danne. Duk da haka an yi zaɓen 1959 babu ƙuri'ar mace ko ɗaya a Arewa, sai a 1976 aka ba mu wannan dama.

Ciwo ya ci gaba da cin Malam, ga rashin abin hannu, don bai tara komai ba, mutumin da da ya so da ya zama babban alƙali ko minista kamar abokan karatunsa. Allah Ya karɓi ransa a Bauchi ranar 28 ga Janairu 1958, yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Shekara ɗaya bayan haka, a Maris 1959, Arewa ta sami mulkin kanta, a ranar 1 ga Oktoba 1960 kuma aka sauke tutar Ingila, abokin karatunsa na Katsina Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista.

Haraji da jangali kuwa ba su bi Bature sun tafi ba. Talakan Batsari da makiyayin Safana sun ci gaba da biya har shekara goma sha tara bayan 'yanci. Sai a 1979, da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihohin Kano da Kaduna, Gwamna Abubakar Rimi da Gwamna Balarabe Musa suka soke su, lokacin kuwa ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna. Yau akwai babban ɗakin taro mai sunan Malam Sa'adu a Gidan Mambayya da ke Kano, wato tsohon gidan almajirinsa Aminu, kuma jami'ar Jihar Bauchi da ke Gaɗau ita ma sunansa take amsawa.