Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi

Daga Birnin Ƙwanni zuwa Malbaza da Illela, mutane da yawa sun saba ganin hatimi bisa allon malamai. Amma kaɗan ne suka san cewa cikin waɗannan ƴan gidaje akwai lissafi mai zurfi, kuma wani ɗan ƙasar Hausa ya shahara a kansa har Masar.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, Bafulatani ne mutumin Katsina. Cikin malamansa har da Shehu Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagarmi. Bayan ya ƙoshi da karatu, sai ya kama hanyar hajji. A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci, inda ya bayyana hanyoyin tsara hatimi mai gidaje mara, kamar 3, 5 ko 7 a kowane gefe.

Ga yadda abin yake. A hatimi mai gida 9, ana jera lambobi daga 1 zuwa 9, ta yadda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, zai ba da 15. A mai gida 25, jimlar kowane layi 65 ce. Ɗan lakkol na yau yana gano ta da aljabra, ilimin da al-Kawarizmi ya tsara a Bagadaza wajen shekarar 820. Idan n ce yawan gidajen gefe guda, jimlar ita ce rabin n³ + n. Da yake n tana cikin kashi biyun, sai a fitar da ita waje, a samu n(n² + 1). Ga mai gefe 5, wato 5 sau 26, 130 ke nan, rabinta 65.

Malam Muhammadu bai komo gida ba. Ya zauna a Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, wanda ya ɗauki karatu gare shi. Nan ya rasu a shekarar 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, mashahurin marubucin tarihin Masar, shi ya adana labarinsa.

Saboda haka, mai cewa lissafi ilimin Nasara ne, wanda ya zo tare da lakkol, ya tuna da wannan bawan Allah. Allah ya jiƙan sa, amin.